Rigar Tseren da Ta Yage Babur Yana Tsaye

Duk wanda ya saba kai babur filin tsere ya san cewa faɗuwa ba ta yin sallama, kuma bodin babur ne ke fara gaisawa da kwalta tun kafin gwiwar mai shi ta samu labari. Bodin da babur ke fitowa da shi daga kamfani na robar ABS ne, mai kyan fenti, ɗauke da fitilu da madubai da sigina, kuma idan ya daki ƙasa sau ɗaya farfashewa yake yi, ya bar mutum da lissafin da zai hana shi barci. Shi ya sa masu hankali kan kwance shi su adana, su sa wa babur rigar faiba wadda aka ƙera domin tsere kawai, marar gurbin fitila, marar nauyi, wadda idan ta tsage ana yi mata faci da gam da ƙyallen faiba a ci gaba da harka. Na yanke shawarar shiga sahun masu hankali, kuma tun daga ranar hankalin nawa ya fara tattara kayansa.

Zaɓin bai ba ni wahala ba, domin ban tsaya na yi tunani ba. Akwai rigar kabon, wadda ta fi kowace tsada da rashin nauyi, kuma ta fi dacewa da mutumin da sakan ɗaya ke raba shi da kofi. Akwai ta faiba mai kyau, wadda ake ƙara wa Kevlar, wani zare mai ƙarfin gaske, a wuraren da noti ke kamawa domin kada ta tsage daga nan. Sannan akwai ta faiba mai araha, siririya a wani wuri, mai kauri a wani, wadda a hoto ba ta da maraba da sauran. Wani abokina da ya riga ni shiga wannan harka ya tuna mini cewa araha ba ta ado, na amsa masa da cewa ni ba ado nake nema ba, alhali a daidai lokacin ina zana launukan da zan fesa mata a bayan wata takarda.

Babur ɗina Yamaha R6 ne, kuma takardunsa sun ce 2008, saboda haka na aika a kawo mini rigar da ke shiga ƙirar 2008 zuwa 2016. Da kwalin ya iso na baje kayan a ƙasan gareji, goshi da gefuna da ciki da jela, dukkansu farare fes, na tsaya a kansu ina murmushi kamar wanda ya ci gado. Dare biyu na yi ina kokawa da su. Idan goshin ya zauna sai gefe ya buɗe baki, idan na danne gefen da gwiwa sai jelar ta ɗaga sama, kuma duk lokacin da na matsa sai in ji wata 'yar ƙara a cikin faibar, irin wadda ke nuna an kusa yin asara. Na gaya wa kaina cewa haka kayan tsere suke, sai an lallashe su, na ɗauko injin huda na yi ramuka huɗu domin in nuna musu wane ne maigida.

A rana ta uku abokin nan nawa ya zo, bai ko kalli rigar ba, ya durƙusa ya haska wuyan firam ɗin da fitilar wayarsa, ya karanta lambar da ke jiki. Ya ce, "Malam, wannan ai RJ11 ne." Na ce to, sai aka yi yaya? Ya bayyana mini, cikin irin haƙurin da ake yi wa marar lafiya, cewa RJ11 ƙirar 2006 da 2007 ce, ita kuwa ta 2008 lambarta RJ15, kuma ko da yake daga nesa kamar tagwaye suke, an sauya fasalin bodin a tsakaninsu. Ashe babur ɗin ya daɗe a ɗakin sayarwa ne kafin a yi masa rajista, shekarar takarda daban, shekarar ƙira daban. Mai sayarwa ya ce da farin ciki zai karɓi kayansa matuƙar ba a huda su ba, na dubi ramukana huɗu, su ma suka dube ni. Har yau wannan rigar tana rataye a bangon gareji, cikakkiyar suturar babur ɗin da ban taɓa mallaka ba.

Riga ta biyu ta zo daidai da shekararta, amma kada mai karatu ya ɗauka cewa daidai na nufin ta shiga. Rigar tsere ba ta zuwa da ramuka, sai dai 'yan lotse-lotse da ke nuna inda ake zaton ramin zai kasance, kuma wannan zato na maƙerin ne, babur bai sa hannu a kai ba. Yadda masana ke yi shi ne su rataya kowane ɓangare sako-sako, su riƙe shi da salatif, su fara da goshi su tabbatar bakin shaƙar iska da ke tsakiyarsa ya haɗu da bututunsa, su juya kan babur dama da hagu har ƙarshe su ga ko hannun birki ko na kuloci zai taɓa wani abu, sannan su yi alama, su manna salatif a wurin domin kada fatar faibar ta ɓantare, su huda ɗan ƙaramin rami na milimita 3, su riƙa faɗaɗa shi a hankali. Duk wannan na san shi yanzu. A wancan lokacin abin da na sani shi ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma nawa idon ya nuna cewa bai san ko ɗaya ba. Na huda gefen hagu na ɗaure shi tamau kafin in gwada ciki, da cikin ya zo sai ramin ya kauce da faɗin ɗan yatsa, na huda wani a gefensa, shi ma ya kauce, na huda na uku a tsakiya. Haka na samu ramuka uku a jere a inda ake bukatar ɗaya, na rufe biyu da babban washa na ce ado ne.

Abin da ke haɗa ɓangarorin wani maɓalli ne da ake kira Dzus, sunan William Dzus wanda ya ƙirƙiro shi a Amurka a farkon shekarun 1930 domin murafun jiragen sama. Rubu'in juyi ɗaya yake bukata ya kulle ko ya buɗe, kuma hikimar ita ce makanike ya tuɓe wa babur riga cikin ɗan lokaci ba tare da neman sifana ba. Sai dai kafin a kai ga wannan sauƙi dole a kafa wa kowane ɗaya mazauninsa da ribiti a bayan faibar, kuma tsawon maɓallin ya dace da kaurin abin da zai haɗa. Rigata mai araha, kamar yadda na ambata, ba ta yarda da kauri ɗaya ba, saboda haka rabin maɓallan suka yi gajarta, sauran suka riƙa rawa a cikin raminsu kamar haƙorin tsoho.

Ban so in yi maganar ƙurar faiba ba, amma jikina ba zai yafe mini ba idan na tsallake ta. Na yi yankan da gugar samfefa da riga mai gajeren hannu, ba safar hannu, ba takunkumi, ina hura ƙurar da baki. Faiba zaren gilashi ce, kuma ƙurarta ƙananan allurai ne da ido ba ya gani. Kwana uku na yi ina susa dare da rana, har uwargida ta tambaye ni cikin ladabi ko akwai wani abin da nake so in faɗa wa likita.

Fenti ne kaɗai abin da ya yi kyau, kuma shi ma na yi shi ne a lokacin da bai kamata ba, wato kafin in gama gwaji. Bayan ya bushe yana ƙyalli na gano cewa hannun birki yana dukan goshi idan an karya kai zuwa hagu, dole na sa zarto a cikin sabon fenti ina ji kamar naman jikina nake yanka. Da na tayar da injin kuma, bayan 'yan mintoci sai wani wari ya cika garejin, na leƙa na ga cikin rigar yana jingine da bututun salansa, fentin ya kumbura ya yi baƙi. Wurin yana bukatar tazara da takardar alminiyom mai kare zafi, abin da ke cikin kwalin tun farko, wanda na ɗauka kayan naɗi ne na jefar. Matsala ta ƙarshe ita ce jak ɗin gefe, wanda ya ƙi naɗewa saboda cikin rigar ya tare masa hanya. Wannan kam na warware ta cikin minti goma, na yanke masa taga mai faɗi a ƙasan cikin, na koma gefe ina yaba wa basirata.

Ana gobe tsere, da yamma, na tura babur ɗin wurin masu duba lafiyar babura. Dattijon da ke dubawa ya zagaya shi sau ɗaya, ya durƙusa, ya zura hannunsa ta tagar nan tawa har wuyan hannu, ya ɗaga mini yatsu ta ciki. Ya ce, "Samari, ka san amfanin wannan kwanon?" Na ce yana rage jan iska, ranka ya daɗe. Ya ce babban aikinsa shi ne idan inji ya fashe ya tare baƙin mai da ruwa, kada su malale a kan hanya su kwashe duk wanda ke biye da ni, kuma dokar da suke bi tana son ya iya riƙe lita 5, nawa kuwa ko cokali ba zai riƙe ba. Ya ƙara da cewa jak ɗin ma ba a shiga tsere da shi, domin yana iya saukowa a cikin kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni a daren na fafe nawa, na kwance jak, na toshe tagar da ƙyallen faiba da gam a ƙarƙashin hasken tocila, ƙaiƙayin da ya lafa ya dawo sabo.

Da safe facin ya ƙame, dattijon ya ƙwanƙwasa shi ya manna mini takardar izini. Na hau, na tayar da injin, na ja kuloci, na taka giya ta ɗaya, sai ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Sau biyar muna haka, sauran mahaya suna wuce ni suna shiga fili, ni kuwa zufa tana zuba a cikin hular kwano ina lissafin abin da na lalata a cikin injin. Wani makanike da ke rumfar kusa da tawa ya taso ba tare da ya tambaye ni komai ba, ya laluba wata waya da ke lilo inda jak yake a da. Ashe jak ɗin yana da makunni da ke kashe inji idan an sa giya alhali yana ƙasa, kuma da na cire shi gaba ɗaya sai babur ɗin ya ɗauka har abada a kafe yake. Ya haɗe wayoyin biyu ya naɗe su da salatif, abin da bai kai minti biyu ba, ya bugi jelar ya ce in tafi.

Gaskiya rigar ta yi abin da aka saye ta dominsa. Babur ɗin ya yi sauƙin juyawa, na samu wurin ɓoye kai a bayan gilashi a miƙaƙƙiyar hanya, ko da yake siririn soson da ya maye gurbin kujera ya sanar da ni kowane tudu da ke filin ɗaya bayan ɗaya. Na gama zagayena ban faɗi ba, ban fita cikin tsakuwa ba, ban kuma zo na ƙarshe ba, domin mutum ɗaya injinsa ya lalace. Na dawo rumfa ina jin kaina kamar zakaran duniya, na tsaya a gaban jama'a, na kashe injin, na sa dunduniyar hagu na shuri jak kamar yadda na saba yi shekara da shekaru, na kwantar da babur a kansa, na fara sauka.

Akwai wani ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, da ƙwaƙwalwa ke tuna abin da ƙafa ta manta, kuma a cikinsa na ga jak ɗin sarai yana kwance a cikin akwatin kayan aikina. Muka tafi ƙasa tare, ni da babur, a hankali, cikin natsuwa, ba gudun ko kilomita ɗaya. Da aka taru aka ɗaga shi daga kan ƙafata, sai muka ga gefen hagu ya tsage, kuma tsagar ta bi ramukan nan uku a jere, daga wannan zuwa wancan, kamar yadda ake yage rasit daga littafinsa. Dattijon nan mai dubawa yana cikin waɗanda suka ɗaga, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa ƙasan cikin ya ce, "Facin dai ya riƙe." Makaniken kuwa ya koma rumfarsa ya dawo da ragowar gwangwanin gam da ƙyallen faiba, ya ajiye su a kan tankina, ya ce in riƙe gaba ɗaya, ba sai na dawo masa da su ba.