Hedikwata a Bauchi, ɓarayi a dajin Alkaleri

Duk sanda aka sake tayar da zancen jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin AH-1Z Viper guda 12 da Amurka ta yarda ta sayar mana, sai Facebook ya kaure da guɗa kamar an gama da 'yan bindiga. Tun Afrilun 2022 aka amince da cinikin nan na kusan dala biliyan 1, bayan 'yan majalisar Amurka sun riƙe shi kan batun take haƙƙin ɗan Adam. Ni kam tafin ya ishe ni.

A leƙa abin da rundunar sojin sama ta tara: Mi-35M na Rasha, AW109 na Italiya, T-129 na Turkiyya da biyun farko suka iso a ƙarshen 2023, ga na Amurka a layi. Ƙasashe huɗu ke nan, kowane jirgi da irin kayan gyaransa da makanikansa da horon matuƙansa. Direban tashar Muda Lawal ma ya san makomar motar da babu kayanta a kasuwa: bayan gida take kwanciya har kaji su yi ƙwai a ciki. Helikwafta kuwa ya fi mota shagwaɓa nesa ba kusa ba, don in ya yi awa ɗaya a sama sai ya yi awanni a hannun masu gyara. Tun da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, takunkumin da aka ƙaƙaba wa Rasha ya mayar da samun kayan jiragenta jidali. Shi ko T-129 sunansa kawai ɗan Turkiyya, injinsa sai da izinin Amurka ake fitar da shi, kuma a kan haka cinikin guda 30 da Pakistan ta ƙulla ya maƙale.

Masu cewa dabara ce don kada mu dogara da ƙasa ɗaya, to yanzu ga shi mun dogara da huɗu.

Abin da ya fi ci mini rai yana nan gida. A Bauchi hedikwatar rundunar ayyuka na musamman ta sojin sama take, tun zamanin shugabancin Sadique Abubakar, ɗan Azare, a rundunar sojin saman. Hakan bai sa mutanen Mansur da Duguri da ke ƙaramar hukumar Alkaleri barci da ido biyu rufe ba. Jirgi ba ya kwana a ƙauye. Zai zo ya yi ɓarin wuta, mai ya ja baya ya koma sansani, ɓarayin su fito daga ƙarƙashin itatuwa su huce a kan wanda suke zargin ya tsegunta. Daga sama kuma babur babur ne, ko na ɗan bindiga ko na ɗan sa-kai. Ba helikwafta ne ya yi ɓarnar Rann a 2017 ko ta Tudun Biri a 2023 ba, inda sojoji suka kashe fararen hula ta sama bisa kuskure, amma cutar ɗaya ce, harbi kan labarin da ba a tantance ba.

Sanatocin Bauchi da Gombe su daina tambayar jirage nawa aka sayo. Su tambayi nawa ne za su iya tashi da safiyar yau in aka kira daga Alkaleri, nawa aka ware wa kayan gyara, da kuma sojan ƙasa nawa za a girke a bakin dajin bayan jirgin ya juya.