Kafin 'yan gwangwan su sare Fijo ta ƙarshe

Jama'a, yau zan tsaya wa wasu mutane da ake yi wa kallon marasa aikin yi. Ina nufin masu ɗauko tsohuwar mota ko tsohon babur da ya shekara goma a gindin darbejiya, tayoyi sun nutse a ƙasa, fenti ya ƙone, su ja shi zuwa gareji, su yi ta fama da shi wata da watanni har ya tashi. Suna yi suna sa mana hotuna a shafukan sada zumunta: yau an sauke injin, gobe an kankare bodi, jibi an samo fitilar baya a Ƙofar Ruwa bayan dogon cigiya. Ƙarƙashin kowane hoto kuwa ba a rasa mai cewa, "Malam, da kuɗin nan ai da ka sayi Corolla ka huta." Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗi dalilina. Amma su ma masu gyaran ina da magana da su, domin ba kowane fenti mai sheƙi ne gyara ba.

Bari mu ɗauki Fijo 504, tunda ita ce tamu. A Faransa aka fito da ita a 1968, shekara ɗaya bayan haka aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta cinye gasar Safari ta gabashin Afirka, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu, inda motoci da yawa ko ƙarshen hanya ba sa kaiwa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Fijo a Kakuri, cikin Kaduna. Turawa sun daɗe da daina ƙera 504 a ƙasarsu, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, mu kuwa a Kaduna ba a tsaya ba sai 2006. Ku duba wannan da kyau. Cikin 504 na ƙarshe da aka haɗa a duniya akwai waɗanda hannun 'yan Kaduna ne ya ɗaure musu noti. Motar gwamna ce, motar babban sakatare ce, ita ce wagon ɗin da ke ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Jos, daga Maraɗi zuwa Damagaram, ita ce akori-kurar da ke kai buhunan gero kasuwar ƙauye. Da wuya a sami gidan da ba shi da labari da ita, ko na kai amarya, ko na rakiyar alhaji filin jirgi, ko na garzayawa da mai naƙuda asibiti cikin dare.

Abin da ya sa ta jure hanyoyinmu ba sihiri ba ne. Da ƙafafun baya take ja, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna da wurin lotsawa sosai, shi ya sa take shanye rami ba ta jijjiga mutum. Injinta mai fistin huɗu ne, kafireta ke ba shi mai, babu kwamfuta, babu wata na'ura da za a jona kafin a gane ciwonta. Bakanike mai kunne, da sifana da sukundireba, zai tashe ta a bakin titi tsakanin Funtua da Gusau.

To yau ina suke? A kan sikeli suke ƙarewa. 'Yan gwangwan suna bi unguwa-unguwa, a yi ciniki da magada, a kawo gatari da injin yanka, kafin la'asar motar da Baba ya yi shekara talatin yana wankewa da hannunsa ta zama tarin ƙarfe a bayan tirela, an nufi kamfanin narka ƙarfe da ita. Ban ga laifin 'yan gwangwan ba, sana'arsu suke yi, kuma halal suke nema. Magadan ma sau da yawa buƙata ce ta sa. Amma duk wadda aka narka ta tafi ke nan, babu masana'antar da za ta sake fito da irinta. Mun iya ajiye takobin kaka da alkyabbar sarauta, mun san darajar tsohon kundi. Motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas, mutane suna zuwa kallo. Amma motar talaka da ta ma'aikaci, wadda ta ɗauki rayuwar ƙasar nan a bayanta shekara arba'in, babu hukumar da ta ɗauki nauyin adana ta. Waɗannan 'yan tsirarun masu sha'awa su ne kaɗai suke yi, da kuɗin aljihunsu.

Duk da haka, abin da ya fi damuna ba ƙarfen ba ne. Mutanen da suka san ƙarfen su ne suke ƙarewa, kuma sun fi motocin saurin tafiya. Je ka gareji yau ka nemi wanda zai saita maka kafireta da kunne, ya ji injin yana numfashi ya ce iska ta yi yawa, ya juya sukuru rabin zagaye komai ya daidaita. Nemi wanda zai gyara tazarar kwantak, ya saita wuta ba tare da ya kira kowa a waya ba. Nemi fanel bita na gaske, wanda zai yanke ruɓaɓɓen wuri, ya auna sabon falange, ya buga shi da guduma har ya ɗauki siffar ƙofa, ya yi walda ya goge ka rasa inda aka haɗa. Za ka same su, amma yawancinsu furfura ta cika musu kai, wasu ido ya fara rauni. Yaran da ke gabansu kuwa aikin zamani suka koya, na cire wannan a sa wancan, kuma ba laifinsu ba ne, abin da kasuwa ke nema ke nan. Ilimin waɗannan dattawa ba a rubuce yake ba. A hannu yake, a kunne yake. Ranar da aka kai mutum makwancinsa, an tafi da shi.

A nan ne nake ganin girman aikin masu sa hotunan gyara mataki-mataki. Duk wanda ya kawo tsohuwar 504 ko Marsandi ko Basfa gareji, ya ba wa dattijon nan dalilin sake buɗe abin da ke kansa, yaran shago kuma dole su matso su gani. In ya ɗauki hoto ya yi bayani, ilimin ya fita daga gareji ɗaya ya isa Zariya, ya isa Yamai, ya isa Kumasi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye ta.

Yanzu ga maganata da ku masu gyaran, kuma don ina ƙaunar abin da kuke yi ne zan faɗa.

Ku daina ɓoye mana munin aikin. Da yawa sai mu ga hoton farko, mota a yashe, sai kuma hoton ƙarshe tana walƙiya. Tsakiyar fa? Tsakiyar ita ce karatun. Ku ɗaga kafet ku nuna mana ƙasan motar yadda tsatsa ta cinye shi. Ku nuna mazaunin batir, inda ruwan batir ya zuba shekara da shekaru. Ku nuna ƙasan but, da gindin ƙofofi, da kewayen gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin roba. Mu a arewa Allah ya taimake mu, busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar iskar gishiri ta bakin teku, shi ya sa bodin motar da ta zauna a Katsina ya kan fi na wadda ta zauna a Legas lafiya. Amma rana tana karɓar nata kason: dashbod ya tsage, robobi su bushe su farfashe, kujeru su ƙone, wayoyi su yi tauri suna karyewa. Wanda zai fara irin wannan aiki gobe yana buƙatar ya ga duk wannan tun kafin ya biya kuɗin mota.

Sannan maganar foti. Wallahi tana ci mini rai. A sami rami a bodi, maimakon a yanke a yi walda, sai a cusa takarda ko raga, a shafe da foti mai kauri, a fesa fenti, a ɗauki hoto ana ta yabo. Damina biyu ba za ta yi ba fentin zai kumbura, tsatsar da aka rufe tana nan tana ci daga ciki. Wanda ya yi haka don kansa ya cuci kansa, wanda ya yi don ya sayar kuwa ya yi algus, kuma mun san hukuncin algus. Mai saye, ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin.

Haka kuma gaggawar tayar da injin. Motar da ta shekara takwas a tsaye, sai ka ga an kawo batir an jona, ana ta ba ta wuta ana ɗaukar bidiyo don a nuna ta tashi bugu ɗaya. Haba! Man da ke cikin tankin ya riga ya lalace ya zama danƙo, baƙin mai ya tsiyaye ya bar saman injin a bushe, wataƙila ringi ya kama jikin silinda. A cire fulogi tukuna, a ɗiga mai a kowane rami, a bar shi ya kwana, a juya injin da hannu a ji ko yana tafiya. A sauke tanki a wanke, a canja baƙin mai da filta, a duba lagireto. Kafin kuma motar ta taka titi, birki ne farko: man birki, robobinsa, bututunsa. Taya ma tana da shekaru ko da zanenta bai goge ba, akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Takardu kuwa, a daidaita su da lambar shasi tun kafin a kashe ko sisi.

Inda na san za mu saɓa da wasu shi ne batun canja injin. Ana cire injin 504 a dasa na Toyota, a sa gilashi mai duhu da manyan ƙafafu, a ce an dawo da ita. Motarka ce, kuɗinka ne, kuma na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk mai kafireta yana ji a jikinsa. In don neman abinci kake hawanta, babu mai ganin laifinka. Amma a kira abin da sunansa: an sabunta ta, ba a dawo da ita ba. Kuma ina roƙo, in ka cire injin asali kada ka sayar wa masu kilo, ka ajiye ko ka ba wanda zai yi amfani da shi. Abin da na yarda a ƙara ba tare da jayayya ba shi ne abin da ke kare rai, kamar bel na kujera, da fitila mai haske, da birki mai kyau.

Masu babura ma ina ganinku, kuma aikinku ya fi sauƙin shiga ga mai ƙaramin ƙarfi. Basfa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yi tun 1946, har yau akwai dattawa a Kano da ba su yarda su rabu da ita ba, ga giya a hannun hagu, ga tayar ko-ta-kwana a maƙale. Injinta irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, in aka yi ƙwauron man nan fistin ya kama, in aka zuba da yawa fulogi ya yi ta mutuwa. Jikinta kuma shi ne ƙashin bayanta, ba ta da wani firam a ɓoye, saboda haka tsatsar da ke ƙarƙashin matakar ƙafa ba ta ado ba ce, ta rai ce. Wani sauƙin shi ne Indiya ta daɗe tana ƙera irinta, kayan gyaran kamfanin LML na can da yawa suna shiga Basfa ƙirar PX. Ga kuma tsofaffin Honda, su Benly da Roadmaster, da 'yar ƙaramar Cub wadda tun 1958 ake yin ta, har adadinta ya haura miliyan 100 a 2017. Matashin da ya farfaɗo da ɗaya daga cikin waɗannan a zauren gidansu ya koyi abin da zai ci abinci da shi.

Masu cewa almubazzaranci ne, ina girmama damuwarku, zamanin ya yi tsanani. Amma ku bi kuɗin ku ga inda suka shiga. Sun shiga hannun bakanike, da mai walda, da mai fenti, da mai ɗinkin kujera, da mai haɗa waya, da ɗan kasuwar Panteka da ya ajiye wata fitila shekara ashirin babu mai tambaya. Kusan duk a cikin gari suka tsaya. In mutum bai tauye haƙƙin iyalinsa ba, bai ci bashi don a gan shi ba, ban ga abin zargi a nan ba.

Abu ɗaya da nake ganin ana yawan mantawa: in kun sa hoton aiki, ku ambaci wanda ya yi shi, da izininsa. Sau da yawa mai mota ne ke tsaye a gaba yana karɓar "Masha Allah", dattijon da ya kwana uku yana bugun ƙofa kuwa ko inuwarsa ba a gani. Ku ce Baba wane ne ya yi wannan walda, a gareji kaza yake. Ku zaunar da shi ku kunna waya, ku ce, "Baba, yi mana bayanin yadda kake gane wuta ta yi gaba." Ku bar shi ya yi magana da Hausarsa, da kalmomin garejinsa, kada ku katse shi, ko bidiyon zai kai rabin awa. Wanda kuma yake da 504 ko Basfa a ajiye a gidan gado, don Allah kafin a kira masu sikeli a sa hotonta a shafukan sada zumunta tukuna, a faɗi garin da take da shekarar da aka ajiye ta. Akwai masu nema, kuma za su biya fiye da kuɗin kilo.