Don Allah ku daina cire wa littafi rigarsa

Ranar Asabar na tsaya wajen wani mai littattafan gwanjo, irin masu shimfiɗa buhu a bakin titi su baje kaya. A ƙarƙashin tsofaffin littattafan jarrabawa na hango The Hot Zone na Richard Preston, littafin labarin cutar Ebola, mai kwalin bango. Ina buɗe shafin haƙƙin mallaka na gane bugun farko ne na 1994. Sai dai tsirara yake, babu rigar takardar da ake lulluɓe bango da ita. Na ce, "Malam, ina rigarsa?" Ya ce, "Alhaji, ai ta yi dauɗa ne na cire na yar." Wallahi har na dawo gida abin yana cin raina. Bawan Allah bai yi da mugunta ba, gyara ya nufa, amma ya zubar da mafi yawan darajar kayansa a bola.

Ga yadda na gane shi. Ba a duba bango, bayan shafin suna ake juyawa, inda aka yi ƙananan rubutu. Yawancin kamfanonin ɗab'i a Amurka suna jera lambobi a can ƙasa, kuma lamba mafi ƙanƙanta ita ce ke gaya maka bugu na nawa ne a hannunka. Ka ga 1, na farko ne. To amma Random House, wanda ya buga wannan littafi, yana da tasa al'ada a wancan zamani: bugunsa na farko daga 2 yake farawa, sai a haɗa da kalmomin "First Edition", wato bugun farko. Idan za a yi bugu na biyu sai a goge kalmomin a bar lambobin yadda suke. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su yi ta neman 1 da ba a taɓa sawa ba, su ajiye na gaske su wuce.

Rigar kuma ita ce shaida ta biyu. A lanƙwasarta ta ciki ake buga farashi. Kwafin da ƙungiyoyin masu karatu ke bugawa da araha don mambobinsu galibi ba ya ɗauke da farashi, takardarsa ma ba ta kai ta asali kauri ba. In babu riga, ka rasa hanya mafi sauƙi ta bambance su. Mai bangon takarda na kamfanin Anchor da ya fito a 1995 kuwa ba ya cikin lissafi, komai tsufansa.

Kada wani ya ɗauka arziki nake yi masa albishir. Littafin ya yi kasuwa sosai, kwafinsa na da yawa, kuɗinsa ba na fitar hankali ba ne. Abin da ya sa na damu daban ne. Wannan littafi, da ya samo asali daga wata maƙala da Preston ya rubuta a mujallar The New Yorker a 1992, shi ne ya sanar da miliyoyin mutane sunan Ebola. Ya ba da labarin biran da aka kawo daga Filifin zuwa garin Reston a jihar Virginia a 1989, suka yi ta mutuwa a killace, har sojojin Amurka suka shiga lamarin. Ya kuma zuzuta yadda cutar ke narkar da jiki, jini na tsiyaya ta ko'ina. Da annobar Ebola ta 2014 ta zo Afirka ta Yamma, har ta shigo Legas ta ɗauke mana Dakta Stella Adadevoh, likitoci sun ga amai da gudawa da bushewar ruwan jiki sun fi zubar jini yawa nesa ba kusa ba.

Shi ya sa nake ganin kwafin 1994 shaida ne na irin tsoron da aka shuka wa duniya game da nahiyarmu. Ba zan ba ɗalibin likitanci shi ya koyi magani ba, amma zan so ya riƙe shi kamar yadda ya fito ranar farko, da rigarsa da kalaman tallan da aka rubuta a jikinta.

Na saye shi duk da haka. Na sa shi a leda saboda gara, na kuma roƙi mai kayan cewa duk littafin da ya zo masa da riga, ko ta yage, ya bar min ita a jikinsa.