An tayar da gimbiya daga barci, saura a bar ta ta yi magana

Lokacin da kamfanin Disney ya fitar da sabon fim ɗin Snow White a watan Maris na 2025, ƙurar da ta tashi a intanet ta riga fim ɗin isa sinima. Tun a 2022 jarumar fim ɗin, Rachel Zegler, ta faɗa wa 'yan jarida cewa wannan karon yarinyar ba za ta zauna jiran ɗan sarki ya cece ta ba. Nan da nan jama'a suka rabu gida biyu. Wasu suka ce an ɓata tatsuniyar da suka tashi da ita, an cusa mata siyasar zamani. Wasu kuma suka ce ai dama lokaci ya yi da za a kwance wa mace dabaibayi. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kowane ɓangare kuma ya fassara faɗuwar yadda ta yi masa daɗi.

Ina tare da masu sabunta tatsuniya a kan cewa suna da damar yin hakan, har ma ya wajaba su yi. Inda na rabu da su shi ne irin macen da suke ƙerawa a madadin ta da.

Masu kukan an taɓa asali ya kamata su fara faɗa mana wane asalin suke nufi. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da kundin tatsuniyoyinsu na farko a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857. A bugun farko, sarauniyar da ta sa a kai Snow White daji a kashe ta uwarta ce mahaifiya. A 1819 aka mayar da ita matar uba, don ba a so yara su ji cewa uwa za ta iya yi wa 'yarta irin wannan hassada. Haka aka yi wa uwar Hansel da Gretel daga baya. Rapunzel ta 1812 ta tona wa kanta asiri ne da ta tambayi tsohuwar da ta kulle ta me ya sa rigunanta suka fara matse ta, wato ciki ya fito. Wilhelm ya goge wannan, ya sa ta yi suɓutar baki irin na marar wayo. Sumbar yarima da ke farfaɗo da yarinyar, wadda kowa ya haddace kuwa, babu ita a labarin Snow White na Grimm. Masu ɗauke da akwatin gawar ne suka yi tuntuɓe, guntun tuffar ya fito daga maƙogwaronta, ta buɗe ido. Gimbiyar da ta haɗu da kwaɗo ma ba sumbatarsa ta yi ba. Haushi ya kama ta, ta ɗauke shi ta maka da bango, sai ga yarima.

In aka ƙara komawa baya abin ya fi haka. A littafin Giambattista Basile na Italiya, wanda ya fito tsakanin 1634 da 1636, yarinyar da muka sani da Cinderella ita da kanta ta karya wa matar ubanta wuya da murfin akwati. Kabewa da takalmin gilashi da aljanar da ke shirya komai, Charles Perrault na Faransa ne ya shigo da su a 1697. Ta Grimm ba ta da aljana: reshe ta dasa a kabarin uwarta, ta shayar da shi da hawaye har ya zama itace, ta je biki sau uku, kowane dare kuma ta sulale da dabararta. A ƙasar Sin an rubuta labarin Ye Xian mai takalmin zinariya tun ƙarni na 9. Kowane zamani ya sa hannu ya yanka wa yarinyar rigar da ta dace da tarbiyyar da yake so a ba 'ya'ya mata. Saboda haka yarinya mai shiru, mai jira, ita ma gyara ce. Wani ne ya zauna ya tsara ta haka.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan tarihi shi ne, da yawa daga cikin labaran daga bakin mata aka karɓe su. Dorothea Viehmann, matar wani tela, ta ba Grimm labarai masu yawa. Haka 'yan matan gidan Hassenpflug da na gidan Wild, waɗanda Wilhelm ya auri ɗaya daga cikinsu. A Faransa, tun a 1697 Madame d'Aulnoy ke buga tatsuniyoyinta, ita da wasu mata marubuta suna amfani da su suna sukar auren dole. Labarin kyakkyawa da dodo, mace ce ta fara rubuta shi a 1740, wata macen ta taƙaita shi a 1756. Amma da labaran suka bi ta hannun masu gyara, sai bakin matan cikinsu ya yi ta mutuwa. Wata manazarciya, Ruth Bottigheimer, ta bi bugu-bugun Grimm a littafinta na 1987, ta nuna yadda ake rage maganar yarinyar kirki ana barin mugayen mata da surutu, har shiru ya zama alamar nagarta, magana kuma ta zama alamar mugunta. Sai Disney ta zo ta zaɓi uku mafi sanyi daga cikin ɗaruruwa: Snow White a 1937, Cinderella a 1950, da gimbiya mai barci (Sleeping Beauty) a 1959, wadda a fim ɗin da ke ɗauke da laƙabinta ba ta cika minti 20 a kan allo ba. Waɗannan ukun ne duniya ta ɗauka su ne tatsuniyar Turai gaba ɗaya.

Don haka matan da suka tayar da ƙayar baya a shekarun 1970 suna da hujja. Marcia Lieberman ta rubuta a 1972 cewa waɗannan labarai suna koya wa yarinya cewa kyau ne jarinta, aure ne ladanta, aikinta kuma jira. A 1979 Angela Carter ta Ingila ta ɗauki labarin Bluebeard na Perrault, attajirin nan mai kashe matansa yana ɓoye gawarwakin a ɗaki, ta sake shi. A wurin Perrault, yayyen amarya maza ne suke isowa da takubba a daidai lokacin da za a fille mata kai. A wurin Carter, uwarta ce ta ji a jikinta 'yarta na cikin haɗari, ta hau doki ta keto ruwan teku da bindigar marigayin mijinta, ta harbe shi. Sauyi ɗaya tak, amma ya dawo da wani abu da tsofaffin gyare-gyare suka kashe: uwa da ke raye, mai ƙarfi, wadda ke gefen 'yarta.

Nan ne nake ganin sabbin finafinan suka fi yin abin a yaba. A tsohon tsari mace ba ta da abokiyar gaba sai mace: matar uba, 'yan uba, mayya, sarauniya da madubinta. Uwa ta gari kuwa tana kabari tun shafin farko. A fim ɗin Brave na 2012, duk rikicin tsakanin uwa da 'ya ne, kuma sulhunsu ne ƙarshen labarin, babu ɗaurin aure. A Frozen na 2013 an ce wa Anna ƙauna ta gaskiya ce kaɗai za ta hana ta daskarewa. Tana cikin guguwar ƙanƙara, ga saurayin da zai iya cetonta yana gudu zuwa gare ta, ga kuma yayarta Elsa a durƙushe an ɗaga mata takobi. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta juya ta shiga tsakanin takobin da yayarta. Wannan zaɓi nata shi ya warware sihirin. Ba ta doki kowa ba a wannan wuri, ba ta fi kowa ƙarfi ba. Ta san abin da za ta rasa, ta kuma zaɓa. A Maleficent na 2014 ma, wanda ya sake labarin gimbiya mai barci, sumbar yarima ba ta yi komai ba, sai ta matar da ta yi tsinuwar tun farko, ta kuma dawo tana nadama.

To amma irin wannan ba shi ne ya fi yawa ba. Abin da ya fi sauƙi, kuma aka fi yi, shi ne a ƙwace tsintsiya daga hannun yarinya a miƙa mata takobi. A fim ɗin Snow White and the Huntsman na 2012 an sa mata sulke ta ja runduna. Littattafan matasa da ke sake waɗannan labarai sun cika da 'yan mata maharba, makasa, masu kwari da baka, waɗanda ba sa kuka, ba sa neman taimako, sukan kuma nuna sun fi sauran mata da cewa su ba ruwansu da kwalliya ko girki. Ba na ƙin mace ta riƙe makami a labari. Mata sun yi yaƙi a tarihi kuma suna yi. Damuwata ma'aunin ne. In har sai mace ta yi abin da tsohon jarumi namiji yake yi sannan za a kira ta jaruma, to ba a ɗaga darajar mace ba, an dai sake tabbatar da cewa aikin namiji ne kaɗai ke da daraja. Yarinyar da ke kallo, wadda halinta sanyi ne, wadda ƙarfinta juriya ce ko iya zama da mutane, an sake gaya mata ba ta kai ba. Da an ce mata ba ta kai kyau ba, yanzu an ce ba ta kai zafi ba.

Alhali tsofaffin labaran suna da wasu irin jarumai da aka tsallake. Gretel ce ta gane nufin mayya, ta yi kamar ba ta iya leƙa tanderu ba, ta tura ta ciki ta fito da ɗan'uwanta daga keji. A labarin Hans Christian Andersen na 1844, wanda daga gare shi aka samo tushen Frozen, ƙaramar yarinya Gerda ce ta bar gida ta bi duniya har ƙasar ƙanƙara don dawo da abokinta. Akwai yarinyar da aka mayar da 'yan'uwanta shida tsuntsaye, aka ce ba za su dawo mutane ba sai ta shekara shida ba magana ba dariya tana ɗinka musu riguna. Aka yi mata ƙazafi, aka kai ta bakin wuta, ba ta fasa ba. Wani zai ce ai ga shirun nan da kike kuka da shi. Gaskiya ne, akwai wannan fuskar, kuma marubuci na yau yana da damar tambayar me ya sa kullum mace ce ke biyan irin wannan farashi. Amma ita ta ɗaukar wa kanta aikin, ita ke da manufa, maza shida kuma su ne masu jiran ceto. Ga kuma Shahrazad ta Dare Dubu da Ɗaya, wadda ta shiga gidan sarki mai kashe amare da ƙafarta, ta tsayar da kisan da ilimi da iya zance. Duk wanda ya ce wannan ba jarumta ba ce, bai taɓa zama gaban mai iko yana lissafin kowace kalma ba.

Maganar zance ta kawo ni kan wani bincike da ya kamata masu murnar an gama aiki su duba. Wasu masana harshe biyu a Amurka, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, sun ƙirga wa ke magana a finafinan gimbiyoyin Disney, sakamakon ya bazu a 2016. A fim ɗin 'yar ruwa na 1989, wanda aka yaba da cewa ya kawo yarinya mai ra'ayin kanta, maza ne suka yi kashi 68 cikin ɗari na maganar. A Frozen, labarin 'yan'uwa mata biyu, maza sun yi kashi 59. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an gyara jaruma ɗaya, an bar duniyar da ke kewaye da ita cike da maza. Mai ban dariya namiji, mai shago namiji, mai ba da shawara namiji, dogari namiji. Mace ɗaya fitacciya a tsakiyar taron maza ba ta sauya tsari ba, keɓe ta aka yi.

Kyau kuma bai motsa ko taku ɗaya ba. Jarumar yau tana iya harbi, tana iya mulki, amma har yanzu siririya ce, matashiya, mai manyan idanu. Tun farkon shekarun 2000 Disney ta haɗa gimbiyoyinta ta mayar da su hajar kasuwa, riguna da 'yartsana da jakar makaranta, kuma abin da zai sayu shi ke yanke iyakar sauyin da za a yarda da shi. A 2013, da za a shigar da Merida ta Brave cikin wannan jeri, sai aka sake zana ta da siririn ƙugu da kwalliya, aka gyara mata gashin nan nata mai tashi. Sai da iyaye suka yi ca, matar da ta ƙirƙiro ta, Brenda Chapman, ta fito ta soki abin a fili.

Maza ma ba su tsira ba. Don a nuna yarinya ta isa, sau da yawa sai a mayar da yarima wawa ko maci amana. Yaro namiji da ke zaune kusa da ƙanwarsa yana kallo bai samu komai ba: an karɓe masa tsohon matsayi na mai ceto, wanda dama nauyi ne da bai dace a ɗora wa kowa shi kaɗai ba, ba a kuma nuna masa yadda namiji zai tsaya kusa da mace mai ƙarfi da mutuncinsa, ya taimaka, a taimake shi, ya ji tsoro ya faɗa. Labaran da suka yi ƙoƙarin haka kaɗan ne, kuma rabon aiki tsakanin mace da namiji ba ya gyaruwa daga ɓangare ɗaya.

Wadda aka fi mantawa da ita kuwa ita ce tsohuwa. A Tangled na 2010 an ba Rapunzel baki da ƙafa da kaskon da take kare kanta da shi, amma muguwar labarin mace ce da ta sace jaririya don kada ta tsufa. A Snow White ta 2025 yarinyar ta zama shugaba, sarauniyar kuwa tana nan gaban madubi tana tambayar wa ya fi ta kyau. 'Yan matan da aka yi waɗannan finafinai dominsu za su kai shekara 50, za su yi furfura, wasunsu za su riƙe 'ya'yan da ba su haifa ba. Ina so in ga marubucin da zai ba wannan matar labarinta, ba don a wanke ta daga laifi ba kamar yadda ake yayi yanzu, a'a, a nuna ta tana da aiki da ƙawaye da buri, yarinya ta girma a gabanta ba tare da ɗaya ta hallaka ɗaya ba.