Fari ne ke buɗe wa cutar ƙofa

Wannan labari naku na mutuwar bishiyoyin hornbeam a Turai ya taɓa ni, domin a Lombardiya nake zaune, arewacin Italiya, inda ake kiranta carpino. Da ita ake shingen lambuna da wuraren shaƙatawa, ana aske ta kamar kan yaro ranar sallah.

Sai dai kun ɗora wa naman gwari, wato ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, laifin duka. Gaskiya ne akwai Anthostoma decipiens, mai fitar da jajayen ɗigo a jikin ɓawo kamar jini ya daskare, akwai kuma Cryphonectria carpinicola mai ruwan lemo. Amma yawanci bishiyar da fari da zafin bazara suka riga suka galabaitar suke kamawa. Reshen sama ya fara bushewa, ɓawo ya ɗaye, shi ke nan.

Ɗan uwan na biyun ne fa, Cryphonectria parasitica, ya ƙarar da bishiyoyin chestnut na Amurka bayan an gano shi a New York a 1904. Shi ya sa nake jin haushi idan na ga ma'aikata sun sare reshe mai cuta sun bar shi yashe a gindin masu lafiya.