Aƙida ce, ko dai tsoro ne?

A 1979 mutanen tsohuwar Jihar Kaduna suka zaɓi Balarabe Musa na jam'iyyar PRP gwamna. Maganar da ke bakin jama'a a lokacin ita ce haraji da jangali, da abin da ke tsakanin talaka da mai mulki. A masaƙun Kakuri kuwa, mutumin Zariya da na Kafanchan ƙungiyar ƙwadago ɗaya suke, kukansu ɗaya ne, albashi.

Ba ina cewa babu gaba a da ba, ai an yi rikicin Kafanchan a 1987, an yi na Zangon Kataf a 1992. Amma rikicin Shari'a na 2000 da na Miss World a 2002 su suka mai da Kogin Kaduna iyaka. A cikin garin Kaduna, Musulmi suka tattara zuwa unguwannin Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kiristoci suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television. Ana cikin haka masaƙun suka durƙushe. Aikin ya tafi, wurin haɗuwar ma ya tafi.

Ni a ganina daga nan ne yawancin abin da muke kira aƙidar siyasa ya samo asali. Mutumin da bai da tabbacin abincin gobe, kuma yana jin wancan ɓangaren na shirya masa wani abu, ba adali yake nema ba. Wanda zai tsaya masa yake nema. Shi ya sa za ka ji wanda ke wa'azin haramcin sata yana cewa, "To, ɓarawo ne, amma ai namu ne." Kuma wallahi har zuciyarsa ya yarda addini yake karewa.

Ban raina tsoron kowa ba. Wanda ya taɓa kwana a bariki da 'ya'yansa yana gudun hijira, maciji ne ya sare shi, dole in ya ga tsumma ya gudu. Abin da ke ba ni haushi daban ne. 'Yan bindiga sun kwashe ɗaliban Jami'ar Greenfield a 2021, sun tare jirgin ƙasan Abuja a Maris ɗin 2022, sun shiga makarantar Kuriga a 2024, ba su ware masallaci da coci ba. Duk da haka kowa gawarwakin ɓangarensa yake ƙirgawa.

'Yan siyasa kuma sun gane. Zaɓe na matsowa, maganar masaƙu sai a kan dandamali, a WhatsApp kuwa tsofaffin bidiyon rikici ne ke yawo.