Baƙon da aka yanke cibiyarsa a gidan

Jama'a, rubutun nan zai ɗan yi tsawo. Mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Duk sanda aka kai hari a wani birnin Turai, ko wata jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta yi nasara a zaɓe, sai ka ga mun rabu gida biyu. Wasu su ce ai Turawa dama can ba sa ƙaunar Musulunci, magana ta ƙare. Wasu su ce Musulmin da suka je can ne ba su iya zaman baƙunta ba, sun samu wuri suna miƙe ƙafa. Dukansu suna magana kamar mutanen nan jiya suka sauka daga jirgi. A nan ne nake ganin kowa ya kuskure hanya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Turai sun rasa hannayen aiki. Jamus ta Yamma ta sa hannu a yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, ta kuma sa musu suna "baƙin ma'aikata". Masaƙun Bradford da sauran garuruwan arewacin Ingila suka cika da 'yan Pakistan. Faransa ta kwaso 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, su suka yi mata aikin gini da harhaɗa motoci. Babu wanda ya yi shirin su zauna. Su ma kansu ba su zo da niyyar zama ba, kowa cewa yake bari in tara ɗan abin da ya samu in koma. Jamus ta rufe ɗaukar ma'aikatan a 1973, sai waɗanda ke ciki suka aika aka kawo musu matansu da 'ya'yansu. To ka san sai a shekarar 2000 dokar Jamus ta yarda yaron da aka haifa a ƙasar, iyayensa baƙi, zai iya zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa? Kusan shekara 40 ke nan ana haihuwar yara a Balin da Kolon, suna tashi da Jamusanci a bakinsu, takarda kuma tana ce musu baƙi.

Shi ya sa maganar da Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ta yi a Oktoban 2010, cewa tsarin zaman al'adu daban-daban ya gaza gaba ɗaya, take ba ni mamaki da yadda ake yaɗa rabinta a bar rabi. A cikin jawabin nan ta amsa cewa Jamusawa sun daɗe suna yaudarar kansu da tunanin mutanen za su koma gida. David Cameron, firaministan Birtaniya a lokacin, ya yi makamanciyar maganar a Munich a Fabrairun 2011. Amma mene ne ya gaza? A tattara mutane a unguwa ɗaya, makarantarsu mafi lalacewa, a ƙi koya musu harshe, a kuma ƙi tambayarsu komai muddin suna zuwa aiki da safe, wannan sakaci ne aka sa wa suna mai daɗi. Kanada da ta mayar da zaman al'adu daban-daban manufar gwamnati tun 1971 ta karɓi baƙinta ne a matsayin waɗanda za su zama 'yan ƙasa, ita ma tana da matsalolinta, amma ba irin waɗannan ba.

Yanzu ga inda 'yan uwana Musulmi ba za su ji daɗina ba. Tsoron da Bature ke ji ba ƙirƙira ba ne. An kashe mutum 52 a jiragen ƙasa da bas a Landan ranar 7 ga Yulin 2005. An kashe 130 a Paris a dare ɗaya a Nuwamban 2015. An bi ta kan jama'a da babbar mota a Nice ta Faransa a Yulin 2016, mutum 86 suka mutu. A Manchester a 2017, iyaye sun kai 'ya'yansu kallon waƙa, suna tsaye a bakin ƙofa suna jiran a tashi, bam ya tashi, mutum 22, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 8. A 2020 an yanka malamin makaranta, Samuel Paty, a kan titi a Faransa. Duk waɗanda suka aikata sun ce da sunan addininmu suka yi. Uwar da ta binne ɗiyarta ba za ka je mata da cewa "Musulunci addinin zaman lafiya ne" ka ɗauka ka gama aikinka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba a yi masa dariya.

Sai dai a duba su wane ne suka yi. Cikin mutum 4 da suka kai harin Landan, 3 a Ingila aka haife su. 'Yan uwan nan biyu da suka kai hari ofishin mujallar barkwanci ta Charlie Hebdo a Janairun 2015, a Paris aka haife su. Wanda ya jagoranci harin Nuwamba ɗan Beljiyam ne, can ya tashi. Na Manchester a Manchester aka haife shi. Ba na cewa babu waɗanda suka saje da 'yan gudun hijira. Akwai, wanda ya afka wa kasuwar Kirsimeti a Balin a 2016 ɗan Tunisiya ne da aka ƙi ba mafaka. Amma mafi yawansu yaran gida ne. Da dama kuma in ka bi tarihinsu ba almajiran ilimi ba ne. Biyu daga cikin maharan Paris, wa da ƙane, mashaya suke da ita a unguwar Molenbeek ta birnin Brussels, wadda hukuma ta rufe saboda ƙwayoyi 'yan kwanaki kafin harin. Yaro ne da garin iyayensa ke kiransa Bature, garin haihuwarsa ke kiransa baƙo, ya yi shaye-shaye, ya shiga kurkuku, sai wani ya same shi a can ko a intanet ya ce masa ga gida, ga 'yan uwa, ga hanyar wanke zunubi a rana ɗaya. Rufe iyaka ba ya maganin wannan yaron. Yana ciki tun kafin a rufe.

Akwai kuma yadda tsoro ke kumbura lissafi. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta Musulmi kusan kashi 5 cikin 100 na mutanen Turai a 2016. A 2016 ɗin kuma kamfanin binciken ra'ayin jama'a na Ipsos ya tambayi Faransawa kashi nawa suke jin Musulmi ne a ƙasarsu, suka ce 31, alhali bai kai 10 ba. A 2009 mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci, a lokacin duka hasumiyoyin ƙasar 4 ne. A Southport ta Ingila a 2024, da aka kashe yara mata 3, kafin a san komai ƙarya ta karaɗe intanet cewa wanda ya yi kisan Musulmi ne ɗan neman mafaka, aka far wa masallacin garin da jifa. Ashe a Cardiff ta Birtaniya aka haifi yaron, iyayensa 'yan Ruwanda.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsattsauran ra'ayin ɓangarorin biyu aiki ɗaya suke yi. ISIS ta rubuta a mujallarta a 2015 cewa burinta ta shafe tsaka-tsakin da Musulmin Turai ke zaune a ciki, ya zama dole kowa ya zaɓi ɓangare. Wanda ya kashe mutum 77 a Norway a 2011, da wanda ya kashe masallata 51 a Christchurch ta New Zealand a 2019, dukansu masu ƙyamar Musulmi, burinsu ke nan su ma. Ɗan siyasar da ya mayar da tufafin 'yan mata babban batun ƙasa, shi kuma itace yake ƙara musu. Faransa ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, ta hana niƙabi a 2010, ta hana abaya a makaranta a 2023. Na fahimci tarihinsu na raba addini da gwamnati tun dokar 1905, da Cocin Katolika aka fara rigimar ba da mu ba. Duk da haka, in malami ya tsaya bakin ƙofa yana auna tsawon rigar yarinya 'yar shekara 14, darasin da ta ɗauka ranar ba na son ƙasa ba ne.

Namu laifin fa? Limamin da aka ɗauko daga wata ƙasa, shekara 10 yana huɗuba bai iya harshen yaran da ke bayansa ba, me zai ce wa matashin da ke kallon bidiyon 'yan ta'adda a wayarsa? Auren dole da ake kai yarinya hutu gida a ɗaura mata, da kashe mace wai don wanke sunan dangi, da rufa-rufa in namu ya yi ɓarna kamar abin da aka bankaɗo a Rotherham ta Ingila na lalata da ƙananan yara, waɗannan ba addini ba ne, kuma duk shirun da muka yi a kansu sai ya koma makami a hannun mai neman korarmu. Wanda ya karɓi takardar zama a ƙasar mutane ya ɗauki alƙawarin bin dokarsu, alƙawari kuwa kaya ne.

A makon harin Charlie Hebdo, ɗan sandan da aka harbe yana kwance a gefen titi sunansa Ahmed Merabet, Musulmi ne. Bayan kwana 2, a kantin Yahudawa da aka yi garkuwa da mutane, Lassana Bathily, ɗan Mali, shi ya ɓoye masu sayayya a ɗakin sanyi. Cikin kwanaki aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, abin da ya riga ya nema yana jira. Na yi murna, amma na tsaya ina tunanin sauran da ba su samu damar ceton ran kowa ba.

Masu kallon ƙwallo sun tuna Mesut Özil. A Gelsenkirchen ta Jamus aka haife shi, kakansa ne ya zo aiki daga Turkiyya. Ya ɗauko wa Jamus kofin duniya a 2014. A 2018 ya ɗauki hoto da Erdogan, shugaban Turkiyya, abin da ni ma nake ganin rashin lissafi ne, aka fitar da Jamus a zagayen farko, sai aka juye masa kwandon laifin. Da zai ajiye rigar ƙasar ya ce in an ci shi Bajamushe ne, in an faɗi shi baƙo ne. Jika ne fa, na uku a jerin gidansu a ƙasar, kuma har lokacin ana tambayarsa ko ya saje.